Zama Da Maganin Garkuwar Jiki Bayan Tiyatar Ciwon Daji

 An yi maka tiyata, an cire ciwon daji, ka tashi. Mun gode wa Allah. Yanzu kuma likita ya ce da sauran aiki: akwai maganin da za a riƙa sa maka ta jijiya har wata da watanni. A asibiti za ka ji ana kiransa da Larabci al-ilaj al-mana'i, wato maganin garkuwar jiki. Maganin yana da amfani, amma yana da nasa wahalhalu. Wasu ƙanana ne, za ka iya da su a gida. Wasu kuwa suna iya kisa in aka yi jinkiri. Wannan ɗan littafi zai nuna maka yadda za ka bambanta su. Ko da muka ce "ka", 'yar'uwa, har da ke muke. In akwai wanda bai iya karatu ba a cikin masu jinyarka, a karanta masa.

Me ya sa ake ba da magani bayan an cire ciwon?

Duk manomin dawa a ƙasar Gadarif ya san ƙuduji, wanda Larabawa ke kira buda. Ka tuge shi bana, gona ta yi fes, amma irinsa yana cikin ƙasa, ido ba ya ganinsa. Baɗi sai ya sake fitowa. Haka ciwon daji yake. Likitan tiyata ya cire abin da ya gani. Amma mai yiwuwa ne wasu 'yan ƙwayoyin ciwon sun riga sun bi jini sun ɓuya, kuma ko hoton asibiti ba ya nuna su. Maganin bayan tiyata irin da ya rage yake farauta, don kada ciwon ya dawo.

Saboda haka kada ka ce, "Ai na warke, don me zan wahalar da kaina?" Kada kuma ka ɗauka an ba ka maganin ne don tiyatar ba ta yi kyau ba. Rigakafi ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Wane irin magani ne?

Allah ya sa wa jikin mutum dakaru a cikin jini, masu yaƙi da cuta. Su ake kira garkuwar jiki. Dakarun nan suna da linzami, don kada su auka wa jikin da suke tsaro. Ciwon daji yana da wayo: yakan kama linzamin nan ya ja, sai dakarun su wuce shi ba su taɓa shi ba. Maganin garkuwa yana sakin linzamin ne.

Masana biyu da suka gano wannan hanya, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun sami kyautar Nobel a 2018. Magungunan da aka fi sani su ne pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, da nivolumab, mai sunan Opdivo. An amince da amfani da su a Amurka a 2014. Bayan tiyata ana ba da irinsu ga wasu masu ciwon dajin ƙoda, huhu, mafitsara, maƙoshi, wani nau'in na fata, da wani nau'in na nono. Ana sa su kamar ƙarin ruwa, wajen minti 30. Pembrolizumab duk mako 3 ko mako 6, nivolumab duk mako 2 ko mako 4. Galibi bayan tiyata ana yin wajen shekara ɗaya.

Wannan ba kimawi ba ne. Kimawi guba ce mai kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, shi ya sa gashi ke zuba. Maganin garkuwa bai cika zubar da gashi ba, kuma wahalarsa dabam take. Don haka shawarar maƙwabcinka da ya sha kimawi ba lallai ta dace da kai ba.

Daga ina wahalar take zuwa?

Ka kwatanta da karen gadi da aka kwance wa sarƙa don ya kori kura. Zai kore ta. Amma wani lokaci yakan juyo ya ciji akuyar gida. Haka dakarun jiki sukan yi kuskure, su auka wa fata, ko hanji, ko hanta, ko huhu, su sa wurin ya kumbura.

Ka riƙe abu uku.

Na ɗaya, yawancin mutane ƙananan matsaloli suke samu. A cikin masu karɓar magani guda, kamar mutum 1 ko 2 cikin 10 ne ke samun matsala mai tsanani. In aka haɗa magani biyu, kamar nivolumab da ipilimumab, haɗarin yana ƙaruwa sosai.

Na biyu, matsalar ba ta cika zuwa ranar da aka sa maganin ba. Takan zo bayan makonni ko watanni. Tana iya zuwa ma watanni bayan ka gama maganin gaba ɗaya.

Na uku, in aka tare ta da wuri, yawanci tana jin magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gajiya

Ita ce aka fi gani. Za ka ji jiki ya mutu ko ba ka yi aikin komai ba. Kada ka kwanta wuni guda, domin kwanciya tana ƙara kasala. Ka ɗan yi tafiya da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi. Ka yi ƙailula kaɗan. Ka sha ruwa mai tsabta da yawa, musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. In lokacin yankan riɗi ko girbin dawa ya zo, ka bar wa 'ya'ya da 'yan ƙodago aiki mai nauyi. Bana kai mai sa ido ne.

Amma gajiyar da ke ƙaruwa kullum, har ka kasa zuwa banɗaki ko wurin ibada, ba ta zama a gida ba ce. Ka je a auna jininka.

Ƙaiƙayi da ƙuraje

Mutane da yawa suna samun ƙaiƙayi, bushewar fata, ko ƙananan ƙuraje. Ka yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi da sabulu marar ƙamshi. Ka shafa man baselin ko man riɗi mai tsabta tun jiki bai gama bushewa ba. Ka sa tufafin auduga masu yalwa, ka rufe jiki daga rana. Ka yanke farce. 'Yar'uwa, ki dakata da turaren dukhan da dilka da man bilicin har ki gama maganin, domin suna ƙara fusata fata.

Wasu sukan ga farin tabo a fuska ko hannu. Dakarun jiki ne suka taɓa launin fata. Ba kuturta ba ce, kuma ba ta yaɗuwa ga kowa. Ka nuna wa likita don ya tabbatar.

Ka tafi asibiti ranar nan in fata ta yi bororo kamar ƙuna, ko tana saɓulewa, ko gyambo ya fito a baki, ido, ko al'aura, ko ƙurajen sun mamaye jiki tare da zazzaɓi.

Gudawa

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mun saba da gudawa, mun kuma saba da zuwa kantin magani mu sayi Flagyl ko ƙwayar tsayar da ciki. Amma gudawar wannan magani kumburin hanji ce. Flagyl ba ya warkar da ita. Ƙwayar tsayar da ciki kuwa tana iya ɓoye ta, hanjin ya ci gaba da lalacewa har ya huje.

Ka san sau nawa kake fita a rana tun kafin a fara maganin. In ya ƙaru da sau ɗaya zuwa uku, ba jini, ba ciwon ciki, ba zazzaɓi, ka sanar da likita ta waya, ka fara shan ruwan gishiri da sukari. Ka zuba ƙunshi ɗaya na ORS cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu ƙunshin, ka sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, cikin lita ɗaya. Ka ci abinci mai laushi: kunu, farar shinkafa, ayaba, tuwo mai taushi da miya marar yaji. Ka bar barkono, soye-soye, madara, gahawa, da tsamiya. Filasko, wanda ake kira sana makka, kada ka kusance shi.

Ka tafi asibiti ba tare da jira ba in ƙarin fitar ya kai sau 4 ko fiye a rana, ko ka ga jini ko majina, ko ciki yana murɗa sosai, ko gudawar tana tashinka da dare, ko akwai zazzaɓi. In kuwa ruwa ne tsinke-tsinke kamar ruwan shinkafa tare da amai, ka tuna kwalara ta ɓarke a Gadarif a 2023. Ko wacce ce daga ciki, asibiti ne maganarta.

Tari da numfashi

Sabon tari busasshe, ko haki a tafiyar da da kake yinta ba wahala, na iya zama kumburin huhu. Kada ka ce ƙurar sussuka ce ko sanyin hunturu. Allurar namoniya ba ta warkar da irin wannan kumburi. Sai an ɗauki hoton ƙirji, an kuma bincika tarin fuka. Ka je a ranar.

Hanta da ƙoda

Kumburin hanta sau da yawa ba ya nuna alama da farko. Shi ya sa ake ɗibar jininka kafin kowace allura. Kada ka tsallake wannan awo don tsimin kuɗi. In ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko gefen dama na ciki yana ciwo, ka je asibiti. Kada ka je wurin mai maganin shawara, kada a yi maka sakiya ko tsaga.

In fitsari ya ragu sosai, ko ƙafafu suka kumbura, ƙoda ce ake tsoro. Wanda aka cire masa ƙoda ɗaya sai ya ninka kula. Kada ya sha diklofenak ko ibuprofen sai da izinin likita. Don ciwon jiki da na gaɓoɓi, farasitamol ya fi sauƙi: babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 mai miligiram 500 a wuni da kwana, kuma mai matsalar hanta ya tambayi likita tukuna.

Ƙullutun da ke sarrafa jiki

Akwai wasu 'yan ƙullutu a jiki masu fitar da sinadaran da ke tafiyar da shi. Maganin garkuwa yakan taɓa su.

Na farko shi ne na wuya, wanda yake kumbura ya zama maƙoƙo. Likitoci suna ce masa tayirod, Larabawa kuma gudda. Kusan mutum 1 cikin 10 yakan samu matsalarsa. In ya yi saurin aiki, zuciya takan yi ta bugawa, gumi ya yi yawa, hannu ya yi rawa, mutum ya rame. In ya yi sanyi, sai jin ɗari, ƙiba, taurin bayan gida, da yawan barci. Maganin sanyinsa ƙwaya ɗaya ce, tayiroksin, da safe kafin karin kumallo da rabin awa. Sau da yawa shanta na har abada ne, amma mai shanta yana noma, yana kasuwa, kamar kowa.

Na biyu suna kan ƙoda, na uku kuma a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Su ne ke samar wa jiki kortizon nasa na halitta. In suka gaza, sai matsananciyar kasala, jiri in an miƙe, amai, ƙin abinci, wani lokaci da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. Wannan yana kama da zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, kuma yana iya kisa. Wanda aka ɗora a kan ƙwayar haidirokortizon kada ya tsallake ko rana ɗaya. Ya tambayi likita yadda zai ƙara ta in ya kamu da zazzaɓi. In amai ya hana ta zama a ciki, allura yake bukata nan take.

Kaɗan daga cikin mutane sukan kamu da ciwon sukari farat ɗaya: ƙishirwa marar ƙarewa, yawan fitsari, rama, amai, da numfashi sama-sama. Wannan sai insulin, ba ya jin ƙwaya ko ganye. Inda babu firji, a sa kwalbar insulin cikin leda a ajiye ta a sanyin randa, nesa da rana.

Alamun da ba a kwana da su

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko dare ne, ko ranar Juma'a, ko Lahadi, a nemi mota:

- ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko suma;
- numfashi da ƙyar;
- gudawa mai jini, ko ƙarin fita sau 4 ko fiye;
- zazzaɓin da ya kai digiri 38;
- fatar ido ta sauko, gani bibbiyu, wahalar haɗiya, ko ƙafafu da hannuwa suka saki;
- ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ruɗewa, ko farfaɗiya;
- ido ya yi ja da zafi, ko gani ya ragu;
- aman da ba ya tsayawa;
- ido ruwan ɗorawa;
- fata tana saɓulewa.

Kumburin zuciya ba kasafai yake faruwa ba, amma yana cikin mafi haɗari, kuma yakan zo a watannin farko.

Cututtukan ƙasarmu suna iya rikita al'amari

A Gadarif zazzaɓi yana da iyaye da yawa. Akwai na cizon sauro, akwai denge, akwai taifot, akwai tarin fuka. Akwai kuma kala'azar, wadda ta daɗe tana addabar ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke kawo ta, mai zama inda ake da itatuwan aduwa da tsagewar baƙar ƙasa. Alamarta zazzaɓin da ya wuce mako biyu, kumburin saifa, da rama.

Haɗarin ta fuska biyu ne. Ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya ɗaukar kumburin magani a matsayin maleriya, ya ba ka maganinta, kwanaki su tafi a banza. Ko kuma a ɗauki cuta ta gaske a matsayin kumburin magani, a ba ka kortizon, ita kuwa ta ƙara ƙarfi. Mafita ita ce awo: gwajin maleriya, gwajin kala'azar, awon kashi, awon hanta, da hoton ƙirji, gwargwadon alamar.

Tun kafin allurar farko, ka gaya wa likitan daji in ka taɓa yin kala'azar, tarin fuka, ciwon hanta, ko kana da HIV, ko wata cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, ko an taɓa yi maka dashen ƙoda. Ka kwana cikin gidan sauro kullum.

Sa'an nan ka mallaki kati. A rubuta a kai, da Larabci da Turanci: sunanka, sunan maganin, ranar allurar ƙarshe, da lambar wayar likitan daji. Ka sa shi a aljihu cikin leda, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Duk inda ka je, ko Doka, ko Hawata, ko Fao, ko Shuwak, ka miƙa shi tun kafin a tambaye ka, ka ce, "Ina karɓar maganin garkuwa, don Allah a kira wannan lamba." Maganin sabo ne, ba kowane ma'aikaci ya taɓa haɗuwa da shi ba. Ka ci gaba da riƙe katin aƙalla shekara ɗaya bayan ka gama.

In aka ɗora ka a kan kortizon

Kortizon, galibi firednisolon, shi ne ke mai da karen kan sarƙa. In kumburin ya yi ƙarfi, likita zai dakatar da maganin garkuwa ya ba ka shi, sa'an nan ya riƙa ragewa a hankali har mako 4 zuwa 6 ko fiye.

Ka sha shi da safe tare da abinci. Kada ka yanke shi don ka ji sauƙi: kumburin zai dawo, jiki kuma yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Ka sa a rubuta maka jadawalin ragewa a takarda. Yana iya ƙara sukari da hawan jini, ya kumbura fuska, ya hana barci, ya sa saurin fushi. Iyali su yi haƙuri, zai wuce. Yana kuma raunana garkuwa, don haka ko ɗan zazzaɓi kada ka raina shi.

Kada ka sayi kortizon da kanka. 'Yar'uwa, ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu kortizon ne a ciki. Suna iya rage ƙarfin maganinki, su kuma ɓoye alamun haɗari.

In likita ya tsayar da maganin garkuwa kwata-kwata saboda kumburi, kada ka karaya. Tiyata ta riga ta yi babban aikin, kuma tasirin alluran da ka karɓa yakan daɗe a jiki.

Maganin gargajiya

'Yan'uwa za su zo da sassaƙe da jiƙo da garin magani, kowa da kyakkyawar niyya. Ka gode musu. Amma hantarka da ƙodarka suna cikin gwaji yanzu. In ka sha jiƙo, awon hanta ya tashi, likita ba zai san mai laifi ba, har ya tsayar da maganin da ke yi maka aiki. Ka guji musamman abin da aka ce "yana ƙara garkuwa". Zoɓo da kuka da ake sha a matsayin abin sha na yau da kullum ba laifi, muddin ruwan mai tsabta ne. Duk abin da ka riga ka sha, ka faɗa wa likita ba kunya. Addu'a kuwa ba ta karo da allura. A yi ta, a kuma je asibiti.

Wasu magunguna biyu masu kama da wannan

Masu ciwon dajin mafitsara da aka kankare musu shi ta hanyar fitsari akan ba su BCG, wato irin ƙwayar rigakafin tarin fuka. Ana zuba shi cikin mafitsara ta roba, sau ɗaya a mako har mako 6, a riƙe shi har awa 2. Zafin fitsari, yawan fitsari, ɗan jini, da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Ka sha ruwa da yawa bayan an gama. A awa 6 na farko ka yi fitsari a tsugune, ka zuba ruwan kulorin a wurin, ka wanke hannu da gaba da sabulu. Ka yi amfani da kwaroron roba mako guda bayan kowane zubi. In zazzaɓi mai zafi ya wuce kwana 2, ko kana rawar sanyi, ko tari ya taso, ka koma asibiti da gaggawa. Ƙwayar ce mai yiwuwa ta shiga jini, kuma maganin tarin fuka ake ba da wa.

Mata masu ciwon dajin nono nau'in HER2 akan ba su trastuzumab, mai sunan Herceptin, galibi duk mako 3 har shekara. Allurar farko takan kawo zazzaɓi da rawar sanyi. Babban abin lura shi ne zuciya. Ana yin hotonta kafin a fara, sa'an nan wajen duk wata 3. In ƙafafunki suka kumbura, ko kina haki in kin kwanta, ki sanar nan da nan.

Ciki, shayarwa, rigakafi da azumi

Magungunan nan suna iya cutar da ɗan tayi. Kada a ɗauki ciki ana kan karɓarsu, da kuma bayan allurar ƙarshe: aƙalla wata 4 ga pembrolizumab, wata 5 ga nivolumab, wata 7 ga trastuzumab. Ba a shayarwa a lokacin. Maigida, wannan maganar taka ce kai ma, ku je wurin ungozomar asibiti tare. Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko kwanciyar aure. Kada a ware marar lafiya.

Kafin kowace allurar rigakafi, musamman ta shawara da ake nema don tafiya, ka tambayi likitan daji.

Game da azumi, ko na Ramadan ko na coci, ka yi shawara da likita tun kafin ya kama. Mai gudawa, mai insulin, mai haidirokortizon, da mai ƙoda ɗaya da aka yi wa tiyata kwanan nan, ƙishirwar wuni tana iya jefa su cikin haɗari. Malamai da fastoci sun san an yi wa marar lafiya rangwame.

Hanya, damina da kuɗi

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yawancin masu ciwon daji suna zuwa Asibitin Zarra a Khartum, ko Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙi ya tarwatsa wannan tsari, musamman bayan ya isa Wad Madani a Disamba 2023. Majinyata da yawa suka kwararo cibiyar ciwon daji ta Gabas da ke cikin garin Gadarif, wasu suka nufi Marawi ko Bur Sudan, wasu Masar. Saboda haka mai yiwuwa ne wanda ya fara maka maganin yana nesa. Ka nemi likita ɗaya a Gadarif da zai san labarinka, ka ba shi kwafin takardunka.

Ka san halin laka a damina. Daga Yuni zuwa Oktoba, ƙauye da yawa sai tarakta ke shigarsa. In kana cikin watannin farko na maganin, ko kana kan kortizon, ya fi kyau ka sauka wurin dangi a gari har hanya ta bushe. In ba hali, ka tanadi ƙwayoyin da ba a yanke su, na wata biyu ko uku, da ORS, da ma'aunin zafin jiki. Ka yi magana da mai mota ko mai tarakta tun yanzu, ka ajiye kuɗin mai.

Maganin yana da tsada ƙwarai. Kafin ka sayar da gona ko shanu, ka zauna da likita ka tambaye shi: allura nawa ake bukata, nawa ne kuɗin duka har da awon jini, kuma wane amfani ake sa rai a irin ciwonka. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Kada ka sayi maganin a hannun ɗan kasuwar da ba a sani ba, domin akwai jabu. In za a kawo shi daga nesa, sai cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, ba tare da ya daskare ba. In ranar allura ta wuce saboda hanya ko rashin magani, ka sanar da asibiti a sa maka wata rana. Ba a ninka allura don rama wadda aka rasa.

Ga mai jinya

Kai ne idon likita a gida. Marar lafiya yakan ɓoye abin da ke damunsa, don kunya, ko don kada ya ɗora wa mutane nauyi, ko don tsoron a tsayar masa da magani. Dattijo ba zai so ya gaya wa 'yarsa yana gudawa ba. A samu wanda ba ya jin nauyinsa, ya riƙa tambayarsa. Ka sayi ɗan littafin rubutu. Kullum da yamma ka rubuta abu biyar: fita sau nawa, zafin jiki, tari, cin abinci, da ƙarfin jiki. Ranar asibiti ka tafi da shi. In ka ga damuwa ta yi masa yawa, ba ya barci, ba ya son magana, wannan ma abin faɗa wa likita ne. Kai ma ka huta, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin 'yan'uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A taƙaice

Ka riƙe katinka. Kada ka tsallake awon jini. Duk sabon abin da ka ji a jikinka, ka faɗa da wuri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka sayi maganin gudawa ko kortizon da kanka, kada kuma ka yanke wanda likita ya ɗora ka a kai. In ka yi shakka ko abin ya isa zuwa asibiti, to, ya isa. Gara ka je a ce maka ba komai, da ka zauna a ce da ka zo jiya.

Allah ya ƙara sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada.